Jegon Inno

A Manawashi, in ka ce Inno mai jego, ba wanda zai tambaye ka wace Innon. Daga wajen Katsina aka kawo ta Gombe tana amarya, lokacin mijinta, marigayi Malam Bawa, yana awon hatsi a kasuwa. Ba ungozoma ba ce. Aikinta yana farawa ne bayan an yanke cibi: ita ce mai hura wutar ruwan wanka, ita ce mai dama kunun kanwa, ita ce mai dafa ƙauri ya yi luguf. Doguwa ce mai ƙashin ƙarfi. Tukunyar wankan da mata biyu ke kamawa suna nishi, ita kaɗai take sauke ta daga murhu, bakinta bai daina hira ba.

Kuma tana da doka guda wadda ko miji bai isa ya taka ba: kwanon maijego nata ne ita kaɗai. Inno za ta dire shi, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta zuba wa yarinya ido har sai ta ga ƙasan kwano. In kin ce kin ƙoshi, ta ce ba ke ta tambaya ba, jikin da ya yi aiki take ciyarwa.

To amma ita fa? Abin da ya ɗaure wa kowa kai ke nan daga baya. Matar da ta tayar da matan unguwa guda a kan ƙafafunsu, ba wanda zai ce ya taɓa ganin ta zauna ta ci abinci. Ƙanzo take kankara a tsaye, ta kora da ruwa, ta wuce. Nama kuwa, a wajenta na maigida ne da baƙi. Haka ta taso ta ga ana yi, kuma jikin ƙuruciya bai taɓa kai ƙararta ba.

Tsufa bai zo mata da hayaniya ba. Haƙoran taunawa suka fara tafiya. Sai harshe ya dushe, miyar kuka da ta kuɓewa duk suka koma ɗaya. Sai yunwa ta daina zuwa, ƙishirwa ma haka, har tana murna wai Allah Ya rage mata hidimar ciki. Koko da safe, shayi da ɗan burodi da yamma, shi ke nan. Ɗanta Nuruddeen, da ke aiki a Abuja, yana aiko da madara da kaji, ita kuma tana rabar da su kafin rana ta faɗi. Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita, yanzu da kansa yake silalewa har gwiwar hannu.

Ran nan da la'asar ta yi sujada, ta zo tashi, ƙafafu suka ƙi. Ta dafa ƙasa, hannuwa suka hau rawa. Sai da Fatiha, matar Nuruddeen, ta jiyo nishinta daga kicin ta zo ta ɗaga ta. Fatiha ta ce wallahi sai da gabanta ya faɗi, don ji ta yi kamar dami na karan dawa ta ɗauka.

A asibiti likita ya ce ban da ɗan hawan jini ba ta da wata cuta, tsoka ce ta zube. Ya ce tsoho ba ya bukatar tulin tuwo, amma bukatarsa ga wake da ƙwai da kifi da nono ba ta ragu ba, ta ma ƙaru. A rage gishiri da kanwa, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, a riƙa motsa jiki. Fatiha ta sayo farar kujerar roba don salla. Inno ta san addini ya yarda, ita ba jahila ba ce. Amma ranar da ta fara salla a kai, ta sunkuyar da kai goshinta bai taɓa komai ba, sai hawaye. Abin da take roƙo guda ne: ta sa goshinta a ƙasa, ta tashi da kanta, kafin a ɗauke ta a makara.

Sai dai hali! Fatiha ta dafa ƙwai, baƙuwa ta shigo gaisuwa, ƙwai ya bi baƙuwa. A yi farfesun kifi, ya tsallaka katanga.

Wadda ta kama ta dumu-dumu ita ce Nneamaka, mai sayar da busasshen kifi da kayan miya a bakin layi. Shekarun baya, da ta haifi Chuks, uwarta ba ta samu zuwa daga kudu ba, Inno ce ta shiga ɗakinta ba gayyata ta yi mata komai. Nneamaka ta iske ta tana juye farfesun a kwanon wata mai tallan goro. Fita ta yi, ta bi gida-gida, duk inda ta san Inno ta taɓa hura wuta.

Washegari da hantsi ta dawo da alala mai laushi, an murje kifi a ciki. Ta dire, ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa.

"Mama, daga yau jego kike yi."

"Ke Maman Chuks, kin ga jariri a ɗakin nan?"

"Ban gani ba. Na dai ga jikin da ya yi aiki."

Inno ta ce a ɗan gutsura wa Fatiha. Nneamaka ta girgiza kai: "Kwanon maijego, Mama. Ba ni na kafa dokar ba."

Inno ta ci tana mita. Kashegari wata Bafulatana daga unguwar Barunde ta zo da kindirmo. Rana ta uku wata malamar makaranta daga unguwar Madaki, wadda ɗanta na fari har ya yi gemu, ta zo da faten wake da zogale. Tangalawa, Terawa, Barebari, matan da Inno ta manta fuskokinsu, kowacce da ranarta, kowacce ta zauna ta zuba mata ido, ta kuma kama hannunta ta sa ta tashi daga kujera ta zauna, ta sake tashi. Inno tana kallon su tana ta mamaki a ranta. Ashe duk waɗannan ta ciyar? Mamakin da ya fi wannan kuwa a jikinta yake. Ita da ta ɗauka tsoho zubewa kawai yake yi, sai ga cinyarta tana amsa abinci. Ikon Allah, jikin da aka yi wa rowa tsawon rai bai riƙe ta a zuciya ba.

Damina ta wuce, aka fara girbin wake. Wata azahar Inno ta yi alwala, ta sa ƙafa ta ture kujerar gefe. Fatiha ta yunƙura, Nneamaka da ke bakin ƙofa ta riƙe mata zani.

Inno ta yi kabbara a tsaye. Ta yi ruku'u. Ta sauka a hankali, gwiwa na ƙara, har goshinta ya taɓa tabarma. Ta daɗe a nan, daɗewar da ta sa Fatiha toshe baki da gyale. Sannan ta kafa tafukanta a ƙasa. Hannuwan suka yi rawa, suka tsaya. Ƙafa ɗaya, sai ɗayar, sai ga tsohuwa a tsaye cak. Nneamaka, da ba sallarta ba ce, tana can tana share ido da gefen zani.

Da Inno ta yi sallama ba ta kalli kowa ba. Ta shafa addu'a, sannan ta waiwayo kamar mai jin kunyar abin da za ta faɗa.

"Maman Chuks," ta ce a hankali, "akwai sauran kifin nan? Yunwa nake ji."