Na Shiga Fili Ba Guru

Ranar wata Alhamis bayan girbin gero, shekarar da nake ajin ƙarshe a lakwal ɗin Gure, wato makarantar boko, na kayar da wani yaro Bukar a kan tudun yashin bayan ajinmu. Ya fi ni tsawo da kauri, amma na sa masa ƙafa, sai ga shi rigingine, yara na ihu. Ashe maƙwabcinmu Baba Kyari, tsohon ɗan kokawa, yana kallo daga kan jakinsa. Da yamma ya tare ni a hanyar lambu, ya ce ni zan tsaya wa yaran unguwarmu idan ƴan garin Bune suka zo kokawa. Ya damƙa mini guru na jar fata, ya ce in ɗaura a ƙugu ranar wasa.

Gidanmu kuwa gidan Kirista ne, cikin ƴan tsirarun da ke garin. Babana ma'aikacin asibiti ne da aka turo daga Maradi, kuma shi ke wa'azi ranar Lahadi a wata rumfar zana da muke kira majami'a. Rediyonmu labarai kawai ya sani. Da an ji gangar kokawa sai Baba ya murɗe shi ya ce, "Ƙarfin da ake ɗaurawa a ƙugu ba na Ubangiji ba ne." Na rasa sukuni gaba ɗaya. Ina ban ruwan albasa a kwari, ina kora awaki, ina jan guga, amma hankalina na can fili. Na gaji da a ce mini "ɗan majami'a" ina tsaye a gefe. Burina a kira sunana a tsakiyar taro kamar kowane ɗan Gure.

Kowace safiya kafin koko, Baba yakan karanta mana Littafi Mai Tsarki. Rannan na yi ta maza, na ajiye gurun a kan tabarma, na ce ai Yakubu ma ya yi kokawa har gari ya waye, kuma albarka ya samu. Inna ta saki ludayi. Baba ya daɗe yana kallona har na fara duba ƙofa, sannan ya ce, "To, malam, Yakubun da guru ya shiga?" Da kansa ya mayar wa Baba Kyari, ya yi godiya, ya ce yaro zai zo, amma yadda Allah ya yi shi. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Likita, tsirara fa za ka tura yaron nan."

Kuma ranar wasa tsirarar na ji. Abokin karawata ya fito da layu har damtse, ni kuwa daga ni sai gajeren wando. Ba a je ko'ina ba na ji bayana a yashi. Haushin Baba ya fi mini na ɗan Bune zafi. Ina ɗaga kai sai na hango shi bayan makaɗa da farar rigar aikinsa, a takure, yana share zufa. Ya ratso taro ya kakkaɓe mini yashi a gaban kowa. A nan babban makaɗin ya ɗaga murya: "Iliya ɗan likita, ka shigo ba guru, ka faɗi ba kuka!" Fili ya ɗauka. Ranar da na sha kaye aka san sunana a Gure.

Yau ina Damagaram, Baba ya daɗe da rasuwa. Duniya kaf tana cikin wayoyin ƴaƴana: waƙa, rawa, da abin da ban ma san sunansa ba. Wani lokaci in ƙwace wayar, wani lokaci in kau da kai, kuma kowanne na yi zuciyata ba ta kwanciya. Nakan buɗe Littafin ina neman inda zan ce a'a da inda zan ce je ka, sai kewar mutumin nan ta kama ni. Shi ya san abin da zai kwance daga ƙuguna ya bar ni in shiga fili. Ni har yanzu lalube nake yi.