Gishirin Mai Ludayi

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara garejin bayan tasha ya san rumfar abincin Mai Ludayi. Ko idonsa bai gan ta ba, hancinsa ya kai shi. Rumfar kwano ce, da 'yan bencuna da teburi mai gurguwar ƙafa da aka tokare da guntun katako. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, saboda ludayi ba ya barin hannunta. Da shi take zuba miya, da shi take nuna wa baƙo hanya, da shi take yi wa makanikai kashedi in sun zo cin abinci da hannu dumu-dumu da baƙin mai.

Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa guda, kuma da tukunyar nan ta raine shi har ya zama direban babbar mota. Mace ce mai baki, wannan kam ba a musu. Amma abin da take taƙama da shi ba faɗa ba ne, harshenta ne na ɗanɗano. In miya ta nuna, sai ta ɗiga kaɗan a tafin hannu, ta lasa, ta lumshe ido. Makanikai su yi cirko-cirko da kwanuka suna jiran hukunci. In ta ce, "Ta yi," to ta yi ɗin. Tunda take ba ta taɓa auna gishiri ba, da yatsu take ɗiba ta watsa.

Shi ya sa ranar da matar ɗanta ta fara zuwa taya ta aiki, ta zaro ɗan cokali daga jaka wai za ta auna gishiri, Mai Ludayi ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Ɗana ya auro min likitar miya. Ke Amarya, a gidanku harsuna sun ƙare ne?"

Amarya ta mayar da cokalinta jaka. Shekaru sun ja, ta haihu har sau biyu, amma sunan Amarya bai sake ta ba, kuma ba a sake barin ta kusa da gwangwanin gishiri ba. Nata yankan albasa ne da wanke-wanke.

Ciwon ya shigo ne ba sallama. Wani ƙullutu Mai Ludayi ta ji a mamanta tana wanka, ta ce maruru ne, zai fashe. Bai fashe ba. Ta ɓoye shi kamar kayan sata, har ranar da ɗanta ya ga ta kasa ɗaga bokiti ya sa ta a gaba sai asibiti. Can ta ga ta kanta. Matar da ko a gaban ƙawaye ba ta cire ɗankwali, ga ta an ce ta buɗe ƙirji a gaban likitan da bai wuce sa'an ɗanta ba. Nas ta ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta buɗe, amma idonta na kan bango har aka gama.

Aka ce ciwon daji ne. Aka ce za a riƙa ɗura mata magani ta jijiya lokaci-lokaci, kafin a yi maganar aiki. A hanyar gida ta kama hannun ɗanta.

"In ka faɗa wa wani, ban yafe ba. Har matarka."

"Mama, ciwo ai ba abin kunya ba ne."

"Kai ne ba ka da kunya. Ni ba zan zauna ana leƙo ni ana sannu-sannu kamar wadda aka riga aka yi wa wanka ba. Kuma wa zai ci abincin mai wannan ciwo?"

Haka ta ci gaba da rayuwarta da ƙarfin hali. Ranar asibiti sai ta kulle rumfa ta ce ta tafi sarin kaya, don gara a kulle da wata ta taɓa mata tukunya. Ta zauna a ɗakin ƙarin ruwa cikin mata irinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kada a ci karo da idon sani. Gashi ya fara bin mataji, ta ƙara tamke ɗankwali. Gira ta zube, ta zana da kwalli. In zuciyarta ta tashi sai ta zaga bayan rumfa, wai za ta duba itace, ta yi amanta a ɓoye, ta kurkure baki, ta dawo tana yi wa wani faɗa don kada a lura. Nas ta taɓa gaya mata cewa maganin kan canza wa wasu baki. Ita kuwa ta ce, "Wasu dai."

Wata safiya ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa. Sai ta ji kamar ta tsotsi tsohuwar ƙusa. Ta sake lasa. Babu gishiri, babu yaji, babu komai, ƙarfe kawai. Ta ɗebi gishiri ta watsa, ta juya, ta lasa, shiru. Ta ƙara. Ga mutane tsaye da kwanuka suna kallon bakinta. Me za ta ce musu? Ta lumshe ido kamar kullum ta ce, "Ta yi."

Sifana ne ya fara karɓa, tsohon bakaniken da ya fi kowa daɗewa yana ci a rumfar. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya jawo kofin ruwa, ya ci gaba da turawa bai ɗago ba. Amma akwai wani baƙon direba da bai san dawan garin ba. Ya ture kwanon ya ce da ƙarfi, "Haba Hajiya! Buhun gishirin ne ya faɗa ciki?"

Mai Ludayi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kuma kunya, in ta rasa mafita, kan wanda ya fi kusa take faɗawa. Ta juya kan Amarya da ke durƙushe tana wanke-wanke.

"Ke! Na zaga baya kin sa min hannu a tukunya ko? Ba na hana ki ba?"

Amarya ta ɗago ta dube ta. Kallo ne na ɗan lokaci, amma Mai Ludayi ba ta iya riƙe shi ba. Sai yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama. Ba zan sake ba."

Makanikai suka yi ta tsokanar ta, wai likitar miya ta ba da magani ya wuce kima. Ita kuwa Mai Ludayi ba ta yi dariya ba. Ta san abin da ta yi, kuma ta san Allah ya gani.

Kwana kaɗan bayan haka Amarya ta zo da wata 'yar tukunya. Ta ce, "Mama, Sifana fa an ce yana da hawan jini, an hana shi gishiri. Ko in riƙa ɗibar masa tasa a nan kafin ki sa?" Mai Ludayi ta ce ta ɗiba, ta ƙara da yawa ma, ko wani zai buƙata. Dama tana neman hanyar da za ta yi wa yarinyar sassauci ba tare da ta buɗe baki ba.

Abin mamaki, daga nan miya ta dawo daidai. Ba wanda ya sake ture kwano. Mai Ludayi na watsa gishirinta da ka, wani lokaci tsoro ya sa ta rage, wani lokaci tsoro ya sa ta ƙara, ta lasa abin da ba ta ji, ta ce ta yi, jama'a su cinye har da suɗe kwano. Ranta ya ɗan yi sanyi. Ta ce a zuciyarta, ashe ko harshe ya tafi hannu bai manta ba. Har ta koma yi wa mai kayan miya tsiya kamar da.

Ran nan Amarya ta tafi ɗauko yara daga makaranta, Sifana ya shigo. Mai Ludayi da kanta ta buɗe 'yar tukunyar ta zuba masa a kan shinkafa. Ya kai baki, ya ɓata fuska.

"Mai Ludayi, yau kuma gishirin ne ya yi tsada?"

"Kai da aka hana? Ka ci ka gode Allah, mai hawan jini."

"Ni? Wa ya ce? Jinina ko tudu ba ya hawa. Ni daga babbar nake ci kullum."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Sannan ta canza masa.

Washegari da ta sa gishiri, ta ce za ta duba itace. Ta zaga baya, amma ba amai ya kai ta ba. Ta sa ido a wata 'yar huda da ƙusa ta bari a jikin kwano. Tana gani Amarya ta waiga hagu da dama, ta zaro ɗan cokalin nan nata daga zane, ta tsoma a babbar tukunya, ta ɗanɗana, ta runtse ido. Ta ɗauko 'yar tukunyar da babu gishiri ta juye rabi a ciki, ta juya, ta sake ɗanɗanawa. Sannan ta goge bakin tukunyar, ta mayar da ludayi daidai yadda aka bar shi, ta koma kan wanke-wankenta.

Mai Ludayi ta zame ta zauna a kan itacen. Ashe yarinyar ta sani. Ta san aman, ta san kwallin gira, ta san sarin kayan da ake dawowa daga shi hannu rabbana da auduga manne a dantse. Ta sha zagi a gaban maza a kan laifin da ba nata ba, ta wayi gari tana rufa wa mai zagin asiri. Kunyar likita da ta gashi duk sai suka zama wasan yara. Ta yi kuka a nan, mara sauti, har kwallin ya bi kumatu. Ta goge da bakin zane ta fito.

Rana ta yi, makanikai suka taru da kwanukansu. Ta ɗebo miya, ta ɗaga tafin hannunta kamar kullum. Sai ta tsaya. Ta juya wajen wanke-wanke.

"Amarya."

"Na'am, Mama."

"Wanke hannunki ki zo."

Ta zo tana goge hannu a zane. Mai Ludayi ta kama tafin yarinyar ta buɗe shi, ta ɗiga miyar a ciki.

"Lasa ki gaya mana."

Amarya ta dubi mutane, ta dubi surukarta. Ta lasa. Murya can ƙasa ta ce, "Ta yi, Mama. Ai ke kika—"

"Ni ban ji komai ba," in ji Mai Ludayi, ba ta rage murya ba. "Na daɗe ban ji ba. Magani nake sha, ya tafi da bakina. Miyar da kuke ci kuna yabo, wannan ce ke gyara ta. Ta ran nan da ta yi gishiri kuwa, ni na zuba."

Ita kuma ta kasa ɗaga ido daga tukunya, tana jiran sannu-sannun da take gudu, ko ƙarar kwanuka ana ajiyewa ana fita. Sai Sifana ya yi gyaran murya ya turo kwanonsa gaba.

"To mun ji. Allah ya ba da lafiya. Yanzu za a zuba mana ne, ko sai yunwa ta kai mu asibitin mu ma?"

Ta zuba masa, ta zuba wa na bayansa. Da layi ya ƙare, ta jawo gwangwanin gishirin da ba wanda ya taɓa taɓawa sai ita, ta tura shi gefen Amarya ba ta dube ta ba.

"Gobe ki zo da cokalin nan naki," ta ce. "Ki daina ɓoye shi a zane."