Ƙafar Baba da Birkin Baƙar Mota

Mahaifina direba ne, kuma mutum ne mai riƙo. Ba na ɓoye wannan, don ni ma na gada. Idan ka ɓata masa ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Sai ya ce "to", ya naɗe maganar ya ajiye ta inda ba za ta jiƙe ba.

Tun yana saurayi yake tuƙa wa wani attajiri mota guda, doguwa, baƙa, mai kujerun fata. Birkinta tauri gare shi na fitar hankali. Sai ka tattaro ƙarfinka tun daga ƙugu ka taka kafin ta ga damar tsayawa. Baba ya tsufa yana takawa, har gwiwarsa ta dama ta fara ƙara idan zai miƙe.

Da attajirin ya rasu, babban ɗansa ya gaji gidan, mu kuwa muka laƙaba masa Magaji. Wata safiya Baba ya shigo da motar, ya taka, gwiwa ta yi masa gardama, hancin mota ya daki ƙofar gidan. Fitila ɗaya ce ta fashe. Magaji ya fito gaban maigadi da baƙinsa ya ce ƙafar Baba ta mutu, ba zai zauna ta kashe masa iyali ba. Sallamar da ya yi masa ita ce motar kanta. Ya jefa masa makulli a ƙasa, ya ce su je su ƙarasa ruɓewa tare. Baba ya sunkuya da gwiwar nan ya ɗauka, ya ce "to".

Direba ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Maganar ta riga Baba shiga gari, duk inda ya je neman aiki sai a dubi ƙafarsa kafin a dubi fuskarsa. Ba wanda ya sake miƙa masa makulli. Ni ina shagon ɗinkina na ƙofar gida, ina kallonsa yana komawa ɗan zaman benci.

Motar ta daɗe a gindin bishiya, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Rannan sai ga Baba da abokinsa bakanike, wanda muke kira Kawu Sifana. Kawu ya leƙa cikin bonet ya ce ciwon ba a ƙafa yake ba, a motar yake. Motocin yanzu suna da wata baƙar tukunyar ƙarfe a bayan fedar birki, inji yana zuƙe iskar cikinta, ita kuma ta taya ƙafa dannawa. Ita wannan tsohuwa an ƙera ta tun kafin a san da abin.

Suka bi 'yan gwangwan har suka ciro tukunyar daga wata mota da ta mutu. Ta ƙi shiga. Sai da aka matsar da batir, mai walda ya yanka mata mazauni, aka rage tsawon sandar da ke turo ta, aka canja bututun man birki gaba ɗaya. Ranar fitar da iska daga bututun, Innarmu aka zaunar a kujerar direba, Kawu yana ƙarƙashin mota yana ba ta umarni ta taka, ta riƙe, ta saki. Tana takawa tana mita, wai tun da aka yi aurensu yau ne ya sa ta gaban mota, shi ma don an cire tayoyin.

Da aka gama, babban ɗan yatsan ƙafa ma ya isa ya tsayar da ita. Baba ya sa aka yi mata fenti, ya goge ta har kana ganin haƙoranka a jikinta. Daga nan kullum da yamma sai ya bi ta layin Magaji a hankali, ya tsaya dab da ƙofar nan, ya gaisa da maigadi, ya wuce.

A lokacin tsofaffin motoci sun zama abin yayi a wurin masu hali. Ba a jima ba sai ga Magaji a ƙofar gidanmu da abokansa biyu, yana shafa bonet yana gaya musu motar mahaifinsa ce.

"Baba Direba, ka kyauta da ka riƙe min ita. Dama ajiya na ba ka."

Na ajiye almakashi na miƙe. Baba ya dube ni, na koma na zauna. Ya miƙa makullin da hannu biyu. Kawu Sifana da ke zaune a gefe ya buɗe baki zai yi bayanin sabon birkin, Baba ya damƙe masa wuyan hannu.

A cikin motar nan Baba ya koya wa Magaji tuƙi yana ɗan makaranta, kuma abin da ya fara koya masa shi ne a taka birkinta kamar ana kashe kunama. Hali zanen dutse. Magaji ya figi mota ya miƙe layi yana ɗaga wa abokansa hannu. Da ya kai kwana, ya tattara ƙarfinsa ya taka. Tayoyi suka yi ƙara, mota ta tsaya cak, shi kuwa bai tsaya ba, domin irin waɗannan motocin ba su da bel ɗin ɗaure jiki. Bakinsa ya haɗu da sitiyari har hon ya amsa.

Daɗi na ji, kuma har yau ina jinsa.

Leɓe ya tsage, haƙorin gaba ya tafi. Abokan nasa ba wanda ya iya giyar motar, don haka Baba ne ya kai shi asibiti, ni ina baya da ƙyallayen ɗinki na tare jini. Kafin ya tayar, sai da ya cire takalmin ƙafar dama ya ajiye tsakaninsu. Ya yi tuƙi a natse. Kowace mahaɗa sai ya tsaya, ko da babu kowa, ya ɗora yatsa a kan feda, mota ta lafa ko ruwa a kofi ba zai zube ba. Magaji yana riƙe da baki, idonsa a ƙasa, babu inda zai kai shi sai kan ƙafar.

Da ya sauka bai nemi makulli ba, bai kuma sake aiko kowa ba.

A hanyar komawa na dawo gaba na zauna kusa da Baba. Na tambaye shi ko yanzu ya huce.

"Bari bakin ya warke tukuna," in ji shi. "A gaban mutane ya ce ƙafata ta mutu. A gabansu zai ce tana da rai."