Kwalbar da Majo Alkasum Ya Yi Faɗa da Ita

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka binne yayana Alkasum, majon asibitin Barmu, wato babban ma'aikacin jinya. Mutum ne mai faɗan tsiya, Allah ya jiƙan shi, kuma faɗan nan ne nake gode wa yau.

Lokacin da darajar kuɗin sefa ta faɗi, magani ya gagari talaka. Sai 'yan tebur a kasuwar Tawa suka riƙa sayen ruwan wanke rauni a jarka, suna ɗurawa cikin tsofaffin kwalaben maganin tari, ko takardar jiki ba sa ɓarewa. Innarmu ba ta karatu, hoto take dubawa. Ta ga jariri na murmushi a jikin kwalba, ta sayo, ta ba ɗiyata Rabi da ke fama da tari cokali guda.

Da muka isa asibiti bakin yarinyar duk ya ƙone, ko kuka ba ta iyawa. Ni kam na fidda rai. Yaya ya hana a sa ta amai, ya duƙufa a kanta har ta iya haɗiyar ruwa.

Tun daga wannan rana, kasuwa ta shiga uku da shi. Tebur-tebur yake bi da bokitin ruwa yana kankare tsofaffin takardu, yana ɗaura jan zare a wuyan duk kwalbar da ba ta maganin sha ba ce. An zage shi, an ce hassada ce. Ya yi ta sintiri ofishin lafiya na Tawa har aka tsawata wa masu ɗurin.

Yanzu kwalabe na zuwa a liƙe, da rubutun Faransanci ƙanana kamar ƙwayar gero. Na san da zai gani, ba zai yaba ba. Tsaki zai ja, ya ce wace tsohuwa ce za ta iya karanta shi.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai daban ne. Bayan Rabi ta warke, Inna ta daina ba ta ko fura, tana cewa hannunta ba shi da albarka. Yaya ya durƙusa gabanta, shi da bai iya lallashi ba, ya ce, "Inna, ba ki yi laifi ba. Kwalba ce ta yi miki ƙarya." Ya danƙa mata ludayi, ya zaunar da yarinyar a cinyarta.

Har Inna ta koma ga Allah, daga hannunta Rabi ke shan fura. Yaya, na gode.