Gidaɗo Mai Ɗanɗana Ƙasa

Kullum bayan sallar asuba Gidaɗo yakan fita bayan garin Agiye da ƙorai uku, ya ɗebo jar ƙasa, da baƙar lakar fadama, da rairayin jigawa. Matarsa Habi ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ƙaro. Da wannan kwaɓin yake zane a bango, shekara talatin ke nan.

Zanen nasa kuwa babu itace, babu saniya, babu mutum. Launi ne bisa launi, ja ya shige cikin toka-toka, baƙi ya kwanta ƙasa. Muka sa masa suna Mai Ɓata Bango, shi ko a jikinsa.

"Ni ba gawo nike zanawa ba," yakan ce. "Sanyin da ke ƙarƙashinai nike biɗa."

Mun daina dariya ranar da wata tsohuwa, Barira ta Gidan Sori, ta tsaya gaban zanen da ya yi rani biyu yana yi a barandar lakol, makarantar bokon garinmu. Ta sauke kayanta, ta fashe da kuka.

"Wagga ai gonar tsohona ce, sa'ad da hatsi ya nuna."

Gidaɗo, kai ne ka mayar mata da gonar da rairayi ya binne tun tana budurwa.

Shekarar da aka samu mulkin kai yanar ido ta rufe masa gani, har sai ya ɗanɗana ƙasa yake sanin launinta. Ana jiran manyan baƙi, wani ma'aikacin buro, wato ofishin gwamnati, ya ce bangon lakol ya yi dauɗa, aka shafe shi fari fat. Habi ta bi gida gida tana roƙon kada a faɗa masa. Muka yi shiru, har da ni, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Ran Juma'a ya ce ta kai shi ya gaida bangonsa. Ya shafa, ya kai yatsa baki. Ya daɗe a tsaye.

"Habi, wagga ba ƙasarmu ba ce."

Sai ya juyo wajenta ya tambaya:

"Akwai sauran ja cikin ƙwarya?"

Mun gode, Gidaɗo, Allah ya saka da alheri, ka yafe mana. Ku kuma masu aikin hannu, ku koyi haƙurinsa. Duk wanda hanya ta bi da shi Agiye, ya riƙo masa ƙwarya guda ta jar ƙasa. Ya soma sabon bango a bayan ɗakinsa, wanda shi ba zai taɓa gani ba.