Kabewar da Kaka Indo Ta Bari a Raye

A gidanmu na Yargoje, in an gama girbi an zuba dawa a rumbu, kara ba ya da sauran aiki sai wuta. Da an idar da sallar isha'i, Kaka Indo, mahaifiyar babanmu, za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura dankali cikin toka, mu kuma mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ba ta fara tatsuniya sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da zagi. Wannan mai kan ƙwarya, wancan mai ƙafar zabo, ni kuwa Hajara uwar faɗa. In ta gama raba mana, sai ta ce ga ta ta ɗauko, mu ce ta sauke mu gani.

Tatsuniyoyinta duk suna da kai da wutsiya, ban da guda ɗaya. Ita ce kuma ta shiga raina.

Wai wata mata ce ta taya wata tsohuwa ɗaukar itace a hanyar kasuwar Yankara. Tsohuwa ta ba ta ƙwayar kabewa, ta ce: "Ki shuka bayan ɗaki. In ta kai girman da kike so, ki duƙa ki ce mata ya isa." Mata ta shuka. Kabewa ta kai tulu, ta ce bari ta ƙara. Ta kai turmi, ta ce bari maƙwabta su gani tukuna. Sai aka yi biki a Ruwan Godiya, ta tafi ta shantake can. Ko da ta dawo, kabewa ta ture danga, ta danne akurki, ta jingina da rumbu. Ta duƙa ta ce ya isa, amma kunnen kabewar ya riga ya yi sama, ba ta ji. Maza suka zo da gatura. Duk ɓallin da ya faɗi ƙasa sai ya yi saiwa, ya zama wata kabewar a gidan wani. Da abin ya gagara, mai gari ya sa aka yi shela.

To daidai nan ne kullum ƙanwata Rabi ke buɗe baki. Yarinya ce siririya kamar tsinke, amma bakinta ya fi ƙarfin gidan.

"Kaka, mi kabewar take ci?"

"Uwarki take ci. Yi mani shiru."

"Ai in an hana ta ruwa za ta mutu. Wa ke ba ta ruwa?"

Sai Kaka ta kakkaɓe zane, ta ce tunda an samu malamai a gidan, su ƙarasa. Ta kwashe dankalinta ta shige ɗaki. Haka aka yi ta yi, shekara da shekaru. Ni abin da nake so a duniya bai wuce in ji yadda aka yi da kabewar nan ba, amma 'yar yarinya ta tsaya tsakanina da shi.

Na doke ta, bai yi ba. Na ba ta rabona na ƙuli-ƙuli, ta cinye ta yi tambayarta da cikakken baki. Ranar da na gaji, na zauna bayanta na naɗe mata baki da ɗankwalina, na raɗa mata cewa ko tari ta yi sai na karya ta. Har gobe ban ga laifina ba.

Kaka ta taho da labari tiryan-tiryan har ta iso wurin. "Mai gari ya sa aka yi shela," in ji ta. Shiru. Muka miƙa wuya. "Aka yi shela. Shelar nan kau an yi ta ƙwarai." Ta gyara kara a wuta. Ta tono dankali, ta matsa shi, ta mayar. Can ta leƙo ta gefen hayaƙi.

"Ke ja'ira, yau lahiya kike? Ba ki da tambaya?"

Sai ta hangi ɗankwali. "Wa ya ɗaure mani jika kamar akuyar kasuwa? Tunda abin ya koma mugunta, kowa ya tashi."

Ni na sha rankwashi a daren, kabewa ta kwana lafiya. Bayan 'yan shekaru Allah ya yi wa Kaka rasuwa, na yi kuka biyu: na rashinta, da na ƙarshen labarin da ta tafi da shi.

Ni ba a sa ni boko ba, don ina da amfani a gida. Rabi kuwa da aka zo ɗaukar yara, Baba ya miƙa ta da hannu biyu, ya ce malamai su ma su ɗanɗana. Ta tafi ba ta waiwayo ba. Daga Ƙanƙara sai Zariya, aka ce ta zama injiniyar haɗa sinadarai. Daga nan ta ƙetare ruwa, ta yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje tana binciken ciwon daji, aka ƙara mata da Dakta. Ta dawo ta koyar a jami'a. Da ta ga furfura ta fara, sai ta ajiye alli ta shiga masana'antar magunguna.

Zuwan da ta yi gida da sunayen nan biyu, garinmu ya yi shiri. Malam Tanko ya turo injin niƙansa a baro, tunda injiniya ta zo. Hajiya Kulu ta kawo gwiwarta, tunda dakta ta zo. Rabi ta fito ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ita injin ba irin nata ba ne, gwiwa kuma sai asibiti.

Malam Tanko ya dube ta, ya dubi baro. "To ɗiyata, duk shekarun nan mi aka koya maki?"

Na ce mashi: "Malam, wanda aka koya ma gyaran inji yana nan bakin tasha, ka bi shi da baronka." Na kore su. Amma fa ni ma a raina tambayar ke nan.

Lokacin na haura hamsin, na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi ina jin kaina daidai da kowa. Da yamma na zaunar da ita bakin murhu, na ce: "Yanzu ni ma 'yar makaranta ce. Ki yi mani bayanin aikinki da Hausa, in kin sa Turanci in mare ki."

Ta ce jikin mutum an gina shi da wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Suna haihuwa suna ƙaruwa, in sun kai inda ya kamata, jiki ya ce masu ya isa, su tsaya. Wani lokaci sai wasu su kurumce, su yi ta ƙaruwa suna danne na kusa da su. In likita ya yanke, ɗan abin da ya tsere sai ya je wani wuri ya kafa gida. Ita aikinta, ta raine su a 'yan faranti, ta gano abin da suke ci, da yadda za a kai masu magani ba tare da an kashe maƙwabta ba.

Na ajiye muciya. "Rabi, tsakaninki da Allah, jirgi kika hau kika tafi tambayar mi kabewa take ci?"

Ta yi dariya har da hawaye.

Na ce: "Ba dariya na tambaye ki ba. Kin hana ni ji a bakin Kaka, yau sai ki biya. Ya aka ƙare da ita?"

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce ai an ci gaba ƙwarai. Ta ce wasu in an tare su da wuri ana cin ƙarfinsu, mutum ya warke sarai. Ta ce ɗalibanta suna nan suna ta aiki, ita kuma ta koma inda ake dafa magani a manyan tukwane don ya ishi mutane. Ta nemi ruwa ta sha. Ta ɗauki kara ta gyara wutar da ba abin da ya same ta.

Ina kallon hannun nan nata a bakin murhu, sai abin ya faɗo mani. Ashe Kaka ba ta tafi da komai ba. Ba ta taɓa sanin ƙarshen ba. Ta shuka kabewar da ta fi ƙarfinta, kullum tana jiran Rabi ta buɗe baki ta cece ta.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kwaɗayi ba kyau. Wannan ko akuya ta sani. Yanzu da na yi wa matan unguwarmu wankan gawa, waɗanda ciwon nan ya ci suna ɓoye shi a ƙarƙashin mayafi har ya gagara, na daina ganin labarin abin wasa. Na kuma gane cewa in babba ya kai inda saninsa ya ƙare, yaron da ke damunsa da tambaya ba rashin kunya yake ba. Shi kaɗai ne ya fara aiki a wurin. Mu masu ladabi muna zaune ne baki buɗe muna jiran a ba mu.

Amma ban yafe bashin labarina ba. Duk sanda Rabi ta kira ni a waya, kafin ta tambayi yara nake cewa: "An kashe ta?"

Ta ce: "Yaya, ana kai."

Na ce: "Ki gaya wa ɗaliban naki su yi sauri. Na haura sittin, kuma ba ni da niyyar zuwa in tarar da Kaka hannu rabbana. Sai na kai mata ƙarshen nan ta ji kunya."