Gayaunar da Malam Iro Ya Ba Kogi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar kasuwar Gaya ce, ina cikin rumfata ina taka keken ɗinki, sai ga Baffa Dauda, ƙanin mahaifina, ya jingine kekensa yana haki. Mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar awakinka, ranar sallama kawai ya yi ya tsuguna. Ya ce, "Habu, sai haƙuri. Yaya ya riga mu gidan gaskiya ɗazu da hantsi."

Na yi salati. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "A ina?"

"A bakin kogi. Masu fito ne suka tarar da shi a gindin darbejiyar nan ta gayaunarka."

Na ce, "Dama mana." Baffa ya dube ni ya sunkuyar da kai, don ya san abin da nake nufi. Ko mutuwar ma ba a gabanmu Malam ya yi ta ba, a gaban kogi ya yi.

Mahaifina marigayi Malam Iro, wanda daga Ajingi har Gaya aka fi sani da Mai Jema, manomi ne a ƙauyenmu da ke gaba da Gafasa, a gaɓar kogi. Ba mai dukiya ba ne, karatunsa kuma na allo ne. Amma mutum ne da ba ya ratsa gonar wani don ya rage hanya, ko rana na dukansa sai ya zagaya. In tsofaffi mata sun zo fito da kaya, shi ke ɗora musu a jirgi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan Inna ba. Saboda wannan hali ne mutanen yankinmu suka tura shi wakilci majalisar gunduma a Gaya, tun zamanin En'e. Duk wanda ya zo ta'aziyya ya faɗi waɗannan, kuma gaskiya suka faɗa. Ni kuwa akwai abin da nake ɗauke da shi wanda su ba su ɗauka ba: na tashi ina kishin kogi a kan mahaifina.

A wancan lokaci, in an gama tara haraji, akwai kason da ake bar wa gunduma ta yi aikin da ta ga dama, ko rijiya ko rumfunan kasuwa ko gyaran hanya. Mu kuwa kogi ne ke cin mu. Kowace damina sai ya gutsuri gaɓa ya tafi da ita, domin mutane na noma har bakin ruwa, babu ko ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Malam ya tashi a majalisa ya nemi a riƙa ware wani abu daga kason nan duk shekara domin gaɓar kogi: a shata yanki, a hana noma a cikinsa, a dasa ciyawar jema da itatuwa, a ɗauki masu gadi. Baffa ya raka shi ranar, shi ya ba ni labari. Wakilin Kademi ya ce, "Mu da ke tudu muna neman ruwan sha, harajinmu kuma sai a zuba a kogin wasu?" Malam ya ce, "Albasar da kuke saye a kasuwa da alkamar azuminku daga gaɓar nan suke fitowa. In ta tafi, tare za mu ji." Hakimi ya ce maganar ta yi, amma wane ne zai yarda ya bar gonarsa ta bakin ruwa? Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ni zan fara."

Gonar da ya fara da ita tawa ce. Shekarar nan ya yankar mini gayauna daga gandunmu, kamar yadda kowane uba ke yi wa ɗansa in ya isa, abin da ka noma a ciki naka ne. Tawa ta faɗo a bakin ruwa, ƙasa baƙa wuluk, na riga na kafa jigo na yi fangali, ina lissafin albasar da zan yi aure da ita. Na same shi a zaure na ce, "Baba, duk gonakin gandu ba ka ga ta bayarwa ba sai tawa?"

Ya ce, "Taka ce a bakin ruwa, Habu. In na ba da wadda ba ta yi mini zafi ba, wa zai ba da tasa?"

Na ce, "Ai ba kai ta yi wa zafi ba, ni ta yi wa."

Washegari ya nuna mini wata gonar a jigawa, rairayi zalla, ko gyaɗa sai da lallashi. Aurena bai yiwu ba sai da aka sake zagayowa wata kakar, da wata kuma.

Tun daga nan kogi ya mallake shi. Da ya idar da sallar asuba sai gaɓa. Ya san kowane dashe, ya san wanda akuya ta gutsura, ya san wanda ya yi yaushi. Na taɓa kwanciya zazzaɓi, ya leƙo ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya wuce ban ruwa, wallahi ina kwance ina jin haushin itatuwan da ban yi musu laifin komai ba. Har jaki sai da na yi kishinsa. Da kuɗin kason da majalisa ta amince a ware an sayi jaki na ɗaukar dashe, a gidanmu yake kwana. Ranar da muke kwaso gero daga gona, na ɗauko dami a ka, wuyana kamar zai karye, jakin nan na tafe a gabanmu bayansa fayau. Na ce, "Baba, ko dami ɗaya?" Ya ce, "Jakin haraji ne, geron kuwa namu ne." Haka muka shigo gari, jaki na taƙama ni ina nishi. Ba a daɗe ba na tattara na koma Gaya na koyi ɗinki.

Duk shekara in lokacin rabon kason ya zo, sai ya hau kekensa ya zo Gaya ya kare shi. Aka yi jihohi, aka canja kuɗi, aka sha fari, bai fasa ba. Yakan biyo ta rumfata, amma bayan an tashi daga majalisa, yana sauri kada dare ya yi masa. Zancensa kuma bai wuce na gaɓa. Yakan ce, "Ruwa ba ya sata, abin da ka saki yake ɗauka." Yakan ce wa masu gadi, "Kada ku kama mutum kafin ku yi masa bayani." Lokacin fari ya tsara yadda za a riƙa yankan jema bi da bi bayan kaka, kowa ya sami na rufi da na saƙa ba tare da an tumɓuke saiwa ba. Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya kwashe lambunan da ke sama da mu, namu suka tsaya, sai yaran gari duka suka koma kiransa Babanmu. Ina ji ina murmushin yaƙe. Nawa ne shi, amma kowa ya fi ni samunsa.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, magidanta suka kewaye ni a ƙofar gida. Suka ce ƙaramar hukumar da aka kafa tana shirin janye kason, tunda mai kare shi ya tafi. Ɗayansu ya ce, "Habu, kai aka fi zalunta. Ka shiga gayaunarka, mu ma mu shiga namu." Da suka watse Baffa ya ce mini, "Kai suke jira. In ka sa garma a wurin nan, kafin damina ba sauran jema ko tushe ɗaya. Amma hakkinka ne, ba zan hana ka ba."

Da safe na saɓi garma na tafi, kuma da niyyar noma na tafi. Rabona da taka wurin tun ranar da aka karɓe shi. Na ratsa jema har ƙirjina na isa baki. Daga inda shatin Malam ya ƙare, kogi ya ci gaɓa ya shige ciki sosai, gonakin da na sani da masu su babu su, sai ruwa. Gayaunata kuwa tana nan cif, ba ta ragu da taki ɗaya ba. Ruwa na zuwa yana dukan saiwoyin yana komawa, yana sake dawowa, yana nema. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Sai na ji na ce da ƙarfi, kamar mai magana da mutum, "Ka ƙwace mini mahaifina yana raye, ka riƙe shi har ya cika a gabanka. To, gonar ba za ka samu ba."

Na mayar da garma gida. Ranar zaman majalisa na rufe rumfa na je na nemi izinin magana. Ban iya tsara zance kamar Malam ba, amma na faɗa musu ni ne na farko da aka karɓe wa gona, kuma ni ne na zo roƙon kada a taɓa kason. Sun bar shi bana. Baɗi zan sake zuwa, in Allah ya kai mu. Kada wanda ya ɗauka na huce ne. Ba son kogin nake yi ba, kuma ba na jin zan taɓa son sa.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa kowace inuwa da ya dasa ta zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ƙarfafi Baffa, ya raya ƙannena da jikokin da ya bari a kan halinsa na amana. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen, ya haɗa mu da shi a Aljanna. Malamai sun ce akwai ƙoramu masu gudana a cikinta, kuma na san inda zan same shi. Roƙona ɗaya, ya Ubangiji: in na iso na yi sallama, ka sa ya juyo ya ce in zauna. Amin.